Yadda Ake Koyon Kiɗan Gangar Jazz Irin na Makaɗan Farko, Mataki-Mataki

Watanni ke nan ana yi mini tambaya iri ɗaya, galibi daga samarin da ke kaɗa saitin ganga a coci, da waɗanda suka taso a badujala, da 'yan situdiyo kaɗan: ta ina mutum zai fara idan yana son kiɗan jazz? Kusan kowannensu ya kalli bidiyon wani gwani hannunsa na gudu a kan babban faranti, wato faifan ƙarfen nan da ake duka a saitin ganga, shi ma can yake so ya dira. Ni kuwa baya nake mayar da su, wajen makaɗan New Orleans na farko a Amurka, musamman Warren Dodds da aka fi sani da Baby Dodds, da Zutty Singleton. Dukansu biyu a 1898 aka haife su. Dodds ne makaɗa irin su Gene Krupa da Dave Tough da George Wettling suka riƙa zuwa saurara a Chicago suna samari. Daga nan igiyar ta miƙe har ta kai ga Art Blakey da Max Roach, waɗanda Tony Allen na Legas, makaɗin Fela, ya ɗebi ilimi mai yawa a fayafayansu.

Ga yadda nake koyar da shi, bi da bi. Kada ka sauya jerin, domin kowane mataki a kan na bayansa yake zaune.

1. Mako biyu na kunne kawai

Kafin ka taɓa sanda, nemi waɗannan a YouTube ka saurara da abin sawa a kunne, don lasifikar waya tana cinye ƙarar babbar ganga. Fara da "Dipper Mouth Blues" na ƙungiyar King Oliver, wanda aka ɗauka a 1923 a kamfanin Gennett da ke Richmond ta jihar Indiana. Dodds ne a wurin. Sai "Willie the Weeper" na Louis Armstrong, 1927, inda za ka ji yadda Dodds yake dukan faranti yana cafke shi. Sai "West End Blues" na 1928, Zutty ke nan, wanda ya rufe waƙar da 'yar ƙara guda ta ƙananan farantai. Amma inda za ka daɗe shi ne fayafayan da Dodds ya yi da Bunk Johnson a 1944, da kuma wanda ya ɗauka shi kaɗai a 1946, "Talking and Drum Solos", yana magana yana nuna abin da hannunsa ke yi. Ko ba ka jin Turanci sosai, gangar za ta yi maka bayani.

Yayin da kake ji, ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wannan ƙidaya huɗu ita zan riƙa kira gida ɗaya. Buga ƙafa a ɗaya da uku, tafa hannu a biyu da huɗu. Idan ka ɓace, tsaya ka jira farkon gida na gaba.

Hattara: a faifan 1923 kusan ƙarar katako kawai za ka ji, sai ka zaci haka kiɗan yake. Ba haka ba ne. Kafin 1925 babu makirfo a ɗakin ɗaukar sauti, cikin wani babban mazurari ake busawa ana kaɗawa, kuma dukan babbar ganga yana iya sa allurar da ke zana faifan ta yi tsalle. Shi ya sa ake hana makaɗi ita. A gidan rawa da cikakken saitinsa yake aiki.

2. Kayan aiki da abin da za su ci maka

Watan farko ba ka bukatar ganga ko ɗaya. Sanduna biyu masu lamba 7A ko 5A, da abin atisaye, da manhajar metronom a waya, mai ƙwanƙwasa bugu daidai wa daida don riƙe lokaci, wadda kyauta ake saukewa. Wajen sayen sanda, mirgina ta a kan tebur mai santsi. Idan kanta yana rawa, a karkace take, ajiye ta. Ƙwanƙwasa kowace a katako ka ji ko muryarsu ta zo ɗaya. Abin atisaye kuwa kada ka ɓata kuɗi: karɓi guntun katako mai kauri wajen kafinta, ka je wajen mai faci ya yanko maka tsohon tiyub na babbar mota, ka manna shi da gam. Abin da za ka kashe bai kai kuɗin sandunan ba.

Bayan wata guda sai ganga mai waya, wato ƙaramar nan da wayoyi ke kwance a ƙarƙashinta, mai faɗin inci 14. Ita ce zuciyar wannan kiɗa, a kanta za ka fi sa kuɗi da lura. Fatar samanta ta zama fara mai ɗan kaushi, kada ka ɗauki mai sheƙi kamar gilashi. Sai babbar ganga da fedarta, wadda ake takawa da ƙafa ta buga gangar. Ta mutanen farko takan kai inci 28, amma mai inci 20 ko 22 da ake samu yanzu ta wadatar. Fedar da ta sa mutum ɗaya ya iya riƙe aikin makaɗa biyu, William Ludwig ne ya yi mata rajista a 1909 a Chicago, kuma har yau tsarinta bai yi nisa da na farko ba, don haka mai sauƙin kuɗi ma tana aiki muddin sifirin ɗinta da rai.

Faranti guda ɗaya ya isa, mai inci 14 zuwa 16, marar kauri. Nan ne kuɗi yake. Mai arha na haɗin jan ƙarfe da tutiya ne, ƙararsa kamar murfin tukunya. Mai kyau haɗin jan ƙarfe kashi 80 ne da kuza kashi 20. Gara ka sayi na hannu mai kyau guda da sababbi uku marasa murya. Sauran biyun, ɗan akwatin katako mai tsaga da ƙaramin kuge, a gida za ka same su. Kafinta zai fafe maka guntun maɗaci mai tsawon kamar inci 7, ya tsaga shi ta gefe, maƙeri kuma ya san kuge tun kafin a haife mu.

Farantan nan biyu da ake buɗewa ana rufewa da ƙafar hagu, bar su tukuna. Sai ƙarshen shekarun 1920 suka yaɗu, Dodds ma bai damu da su ba. Jo Jones na ƙungiyar Count Basie ne ya mayar da su wajen riƙe lokaci daga baya.

Hattara wajen sayen na hannu: farashi yana bin dala, saboda haka zaga shaguna uku kafin ka ciro kuɗi. Ɗaga faranti ka duba bakin ramin tsakiya da gefensa a cikin haske. Na taɓa sayen wani a wani shago da yamma, ban ga siririyar tsaga a bakin ramin ba, cikin wata biyu ta miƙe har muryar ta mutu. Ganga mai waya kuma ka gwada maƙunnin da ke ɗaga wayoyin yana sauke su, ka tabbata kowane kusa yana juyawa.

3. Ɗaure ganga

Sassauta dukan kusoshin fatar sama, ka ɗaure su da yatsa har su tsaya. Sannan ɗauki makulli ka riƙa rabin juyi, kana tsallakawa daga kusa zuwa wanda ke fuskantarsa, kamar yadda ake ɗaure tayar mota. Ƙwanƙwasa kusa da kowane kusa, inci ɗaya daga baki, ka daidaita har muryoyin su haɗu. Kada fatar ta yi tauri irin na gangar fareti ta zamani. Matsakaici ake so. Wayoyin ƙasa kuma ka ɗaure su har ƙarar kwaranniya ta ɗauke, daga nan ka tsaya. Idan ka matse su, gangar za ta shaƙe, mataki na 6 kuma ba zai yiwu ba.

Babbar ganga: ciro filon da bargon da aka cusa mata. Kiɗan zamani ne ke son ta yi "dif" ta mutu. A nan so ake ta yi "buum" mai ɗan tsawo. Ɗan ƙyalle mai kauri, faɗin yatsa uku, da aka ratsa ta bayan fatar ya isa. Kan fedar ya zama mai laushi. Idan mai tauri gare ka, sa masa tsohuwar safa.

Idan ka sa fatar dabba ta gaske, kamar yadda na farko suka yi da fatar maraƙi, ka san halinta: da damina tana saki, da hunturu tana ɗaurewa har ta fashe. Makaɗan kalangu da ganga a nan sukan shanya ta a rana ko su kara ta kusa da wuta. Makaɗan Amurka na shekarun 1920 ƙwan lantarki suke sawa a cikin babbar ganga don wannan dalili. Lokacin hunturu ka sassauta ta bayan ka gama.

4. Zama da riƙon sanda

Kujera ta kai tsayin da cinyarka za ta ɗan gangara zuwa gwiwa. Ganga mai waya tsakanin ƙafafunka, daidai ƙugu. Hannun dama yana riƙe sanda tsakanin babban yatsa da manuni, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gindinta. Hagu, a tsohon salo, tafin yana kallon sama-sama, sandar tana kwance a kwarin babban yatsa, ta ratsa tsakanin na tsakiya da na zobe. Wannan riƙo daga makaɗan fareti ya zo, masu rataya ganga a karkace. Wanda ya yi badujala wataƙila ya san shi. Idan ka saba riƙe duka biyun iri ɗaya, ci gaba da abinka, kiɗan zai fito.

Hattara: idan gaɓar hannunka ko kafaɗa ta fara ciwo cikin minti goma, ka matse sanda da yawa ne. Tsaya, girgiza hannu, sake riƙo.

5. Ƙafa: bugu biyu a gida

Sa metronom a 80, wato bugu 80 a minti. Buga babbar ganga a ɗaya da uku kawai, diddige a ƙasa. Bari kan fedar ya dawo da kansa bayan ya taɓa fata, kada ka danne shi a jikinta. Ƙarar ta zama wadda ake ji a ƙirji fiye da kunne. Yi minti biyar ba tsayawa, kullum, mako guda. Abin zai gundure ka. Masu rawa a kan wannan bugun suke taka ƙafa, idan ya yi rawa kowa ya watse.

6. Bugun danne

Nan ne aikin yake, kuma nan za ka shafe watanni. Makaɗan zamani a kan faranti suke riƙe lokaci, abin da Kenny Clarke ya kafa a shekarun 1940. Na farko a kan ganga mai waya suke riƙe shi, da wani bugu da ake danna sanda a fata ta yi ta tsalle ƙanana-ƙanana har ƙarar ta zama "zzzz" guda mai tsawo. Da shi aka san Dodds.

Fara da hannu ɗaya. Ɗaga kan sandar inci biyu, sake ta ta faɗi, ka bar ta ta yi tsalle har ta gaji. Yanzu sake yi, amma ka ɗan matsa da babban yatsa da manuni daidai lokacin da ta taɓa fata, sauran yatsun a sake. Tsallen zai ƙanƙance ya yi sauri. Idan ka ji "ta-ta-ta" a warwatse, matsin ya yi kaɗan. Idan ka ji "ƙit" ta tsaya, ya yi yawa. Abin da kake nema yana tsakani, kuma yatsunka ne za su gano shi, ba wanda zai auna maka. Yi aikin wajen inci biyu ko uku daga bakin ganga, inda fata ta fi tauri, tsallen ya fi sauƙi. Sa metronom a 60, danne guda a kowane bugu, ka ja shi ya yi tsawo iyakar iyawa. Dama minti uku, hagu minti shida. Hannun da ba ka cin abinci da shi kullum ninki biyu yake bukata.

Idan kowane hannu ya samu muryarsa, sai ka haɗa: dama, hagu, dama, hagu, kowane ya shigo kafin ɗan'uwansa ya mutu, yadda ba za a ji giɓi ba. Biyu a kowane bugun metronom, sannan uku, sannan huɗu. Ɗauki kanka da waya ka saurara. Idan kana iya gane inda dama ta ƙare hagu ta fara, da saura. Motsin daga gwiwar hannu yake fitowa a hankali, kamar mai tankaɗe, kafaɗa ba ruwanta.

Sai salon kansa. Dama tana buga ɗaya, biyu, uku, huɗu, bugu sak marar ƙarfi. Hagu tana shigowa da danne a biyu da huɗu, ta ja shi har ya zube a cikin uku da ɗaya. Abin da za ka ji shi ne "ta, zzzz-ta, zzzz-ta". Nauyin yana kan biyu da huɗu, inda ka riƙa tafawa a mataki na farko. Fara a 80. Idan ka yi minti uku ba kuskure, ƙara biyar. Waƙoƙin da ka saurara da yawa suna tafiya tsakanin 160 da 200, amma kada ka yi gaggawar kai wa can.

Akwai wani abu da rubutu ke wahalar kamawa, wato yadda ake raba bugu ɗaya gida biyu. A jazz rabin farko ya fi na biyu tsawo. Bahaushe yana da wannan a bakinsa. Faɗi "gaba, gaba, gaba, gaba", kalma guda a kowane bugu: gaɓoɓin biyu gajeru ne, daidai wa daida, wannan tafiyar fareti ce. Yanzu faɗi "gobe, gobe, gobe, gobe": ta farko doguwa, ta biyu gajera. Wannan ita ce tafiyar jazz. Makaɗan New Orleans sukan zauna a wani wuri tsakanin biyun, sun fi karkata ga "gobe". Riƙa faɗinta a baki yayin da hannu ke aiki.

Hattara da abu uku a nan. Kada ka yi wannan atisaye a kan filo ko katifa, ba su mayar da sanda, sai ka koyi matsi da ƙarfin tsiya. Kada ka tsaya a kan roba kaɗai, ko sau biyu a mako ka hau ganga ta gaske, don wayoyin ƙasa suna tona abin da roba ke rufewa. Na uku, yawancin masu koyo suna ƙara sauri duk lokacin da suka ƙara ƙarfi. Gwada gida huɗu ƙasa-ƙasa kamar raɗa, gida huɗu da ƙarfi, metronom yana tafiya, ka ga ko ka tsere masa.

7. Haɗa hannu da ƙafa, da babbar huɗu

Koma 70. Ƙafa a ɗaya da uku, hannu yana salon mataki na 6. Idan sun zauna tare, ƙara abin da mutanen New Orleans ke kira babbar huɗu, wadda ta fito daga kiɗan fareti na titunan garin. Ana ƙirga gida biyu-biyu. A gida na farko ƙafa tana buga ɗaya da uku. A na biyu tana buga ɗaya, ta bar uku, ta sauka da nauyi a kan huɗu. Wannan bugun da ya zo kafin lokacin da kunne ke jira shi ne ke tura waƙar gaba. Kada ka sa shi a kowane gida biyu tun daga farko har ƙarshe. Ajiye shi don ƙarshen gida huɗu ko takwas, inda jimlar waƙa ke numfasawa.

8. Katako, kuge da faranti

Ɗaura katakon da kugen a saman babbar ganga inda hannu zai kai ba miƙewa. A kan katako, yi amfani da kan sanda, da sauƙi, kana bin kalmomin waƙar kamar mai tafi da baki. Kuge bugu ɗaya ko biyu ne a ƙarshen jimla. Bakin ƙarfen ganga da jikin babbar ganga ma wuraren kiɗa ne, Dodds yana yawan zagaya su.

Faranti kuwa cafke shi ake yi. Buga gefensa da sandar dama, hagu ta kama shi nan take, ya yi "tsit". Gwada a biyu da huɗu na gida takwas a jere. Doke shi a gicciye kamar mai shafa, kada ka sare shi kai tsaye, haka ne ke tsaga faranti marar kauri. A ƙaramin ɗaki ka toshe kunne da auduga ko robar kunne, ƙarar faranti tana cin ji a hankali ba ka sani ba. Ka kuma zaɓi lokacin da ba na sallah ba, ba na barcin maƙwabta ba.

9. Buroshin waya

Zutty Singleton yana cikin waɗanda suka fara ba buroshi muhimmanci, wato damin siraran wayoyi mai mariƙi da ake kiɗa da shi maimakon sanda. Hagu tana zagaya fata ba ɗagawa, zagaye guda a bugu biyu, dama tana taɓa "gobe" a gefe. A kan fata mai sheƙi ba ya ƙara, shi ya sa na ce ka sayi mai kaushi. Bayan aiki mayar da wayoyin cikin mariƙinsu don kada su lanƙwashe.

10. Kiɗa da mutane

Fara da bin faifan Bunk Johnson, ƙararka ƙasa da tasu. Sannan nemi ko mutum biyu, mai fiyano da mai busa ƙaho, ku ɗauki waƙar bulus, wani salon waƙar baƙaƙen Amurka mai gida 12. Kafin ku fara, ka iya rera waƙar da baki daga farko zuwa ƙarshe. Dodds ya sha nanata cewa makaɗi don amfanin ƙungiya yake kiɗa, kuma a aikace ga abin da hakan ke nufi: duk lokacin da aka zagayo farkon waƙa, ko wani sabon mai busa ya karɓa, sai ka sauya launi. Zagayen farko bugun danne. Idan mai kilarinet ko fiyano ya shiga, koma katako ko ka rage danne ya zama raɗa, don muryarsu siririya ce. Idan mai ƙaho ya karɓa, dawo kan ganga mai waya da nauyi.

Hattara da wurin da ƙungiya ke tsayawa cak ta bar mutum ɗaya ya yi gida biyu shi kaɗai. Buga ɗaya tare da kowa, ka ɗauke hannu, ka ci gaba da ƙirga a zuci. Masu koyo da yawa suna ganin shirun kamar rami ne da aka bar musu su cike, sai su tattake mai busa. Ka dawo daidai kan ɗaya na gida na uku.

A zagaye na ƙarshe, sauya ƙafa daga bugu biyu zuwa huɗu a gida, marasa nauyi, ka hau faranti a biyu da huɗu. Ku yi shawara tun kafin ku fara a kan wanda zai ba da alamar rufewa, yawanci mai ƙaho ne, da ɗaga kai ko karkata ƙahon. Idan ya ba da ita, ƙirga gida biyun ƙarshe a zuci, buga farantin tare da babbar ganga a bugun ƙarshe, ka cafke shi da hagu kafin ya yi amo.